Kunama da Bututun Dakta

Shekara goma sha tara ta yi tana riƙe da makullin ɗakin ƙasa na sashen kimiyya a jami'a, inda aka girke babbar na'urar da ke hango ƙananan abubuwa ta amfani da ilektron, wato ƙwayoyin lantarki. Ma'aikata na kiranta Kunama, amma a bayan idonta. Ita ke kunna na'urar, ita ke zuƙe iskar cikinta, kuma ko tari ka yi sai ta harare ka, don ɗan motsi kaɗan kan girgiza hoto. Mijinta, wani tela mai barkwanci, yakan ce na'urar ta fi shi gata, tunda ita kullum ana tambayar yadda ta kwana.

Jininsu bai haɗu da sabon Dakta ba tun ranar farko. Ya shigo ba sallama, riƙe da kwalbar wani baƙin gari kamar baƙin tukunya. Ya ce garin ƙananan bututai ne na sinadarin kabon, sirara fiye da gashi sau dubbai, yana son ganin yadda lantarki ke bi ta cikinsu. Ya kira ta "mai kunna inji". Ta miƙa masa safar hannu, ya ture.

Da hotuna suka fito da wasu ɗigo-ɗigo a jikin bututun, Dakta ya kama murna, wai ya gano inda lantarki ke taruwa. Kunama ta dubi allon, ta taɓe baki.

"Dakta, maiƙon yatsunka ne ya ƙone a kai."

A gaban ɗalibansa ta faɗa. Ya haɗiye, amma bai yafe ba. Ya rubuta wa shugaban sashe cewa ba ta da ladabi, kuma tana yi wa aikinsa zagon ƙasa. Aka kira zama. Ta wanke komai a gabansu, ta sa sabon samfuri, hoto ya fito tas, babu ɗigo ko ɗaya. Dakta ya ce ai musanya ta yi. Shugaban ya ga gaskiya, amma ya ga kuma wanda ya fi ƙarfi, sai ya ce a zauna lafiya. Zaman lafiyar shi ne aka mayar da ita sito, tana jera kwalabe.

Abin ya ci mata rai. Sati guda ba ta iya cin abincin kirki ba, mijin ma ya daina tsokana.

Bayan wata biyu na'urar ta ƙi riƙe hoto. Dakta bai zo da kansa ba, ya turo sakatariya.

"Yaya, ki yi haƙuri ki leƙa musu."

"Ki ce ya rubuto, ai ya iya rubutu."

Bai rubuto ba, ita ma ba ta sauka ba. Har ta yi ritaya, in sun haɗu a matakala kowa bango yake kallo.