Hannun da Ke Sa Faifai Ran Kasuwar Goronyo

Da damanar bana shekara talatin ke nan da rasuwar Ige, matar yayana Garba. Ni ƙanwar mijinta ce, kuma katanga guda ta raba gidan aurena da nasu a Wurno. Ni mutum ce ta zaman gida, ban san hanyoyi ba, ban san ofis ba. Amma in anka aje ƙwarya a tsakar gidan maƙwabta, ina iya gaya muku ko da ruwa cikinta ko babu. Don haka abin da zan faɗa ba tsintarsa na yi a bakin rijiya ba, da kunnena na ji shi.

Abin da ya tayar mini da zancen, kwanan baya jikana ya tara abokansa a ƙofar gida suna gardama kan wata lasifika da anka haɗa da waya. Wannan ya ce tasa ta fi ƙara, wancan ya ce ƙara ba ita ce magana ba. Ƙanwarsa ta miƙa hannu za ta duba bayan abin, sai ya buge hannun, ya ce mata ai mata waƙa kawai suke so, ba ruwansu da abin da ke ciki. Duk sunka yi dariya. Ni ban yi ba. Na taɓa jin wagga magana, kuma saura kaɗan ta kashe aure.

Zamanin Turawa ne, tun rediyo bai iso gidajenmu ba. Yaya falken albasa ne. Wata shekara ya kai kaya Sakkwato, ya dawo da wani baƙin akwati a kan jaki, an naɗe shi da bargo kamar mai zazzaɓi. Garmaho ke nan. Yaran yanzu ba su san shi ba: hannu gare shi a gefe da ake murɗawa, a ɗora baƙin faifai, a sauke masa 'yar allurar ƙarfe, sai murya ta fito. A turaka yake kwana. In an yi la'asar Yaya ya fito da shi zaure, maza su kewaye shi. Waƙar ma ba su cika saurare ba, gardama ce abincinsu: wace allura ta fi, yaushe za a ƙara murɗawa, mi ya sa faifan Larabawa ya fi na goge nauyi. Mu mata muna ciki muna ji ta bango. Ba wanda ya taɓa hana mu taɓa akwatin, don ba wanda ya yi zaton akwai abin hanawa.

Cikin masu zaman zauren akwai wani malamin gona, baƙo ne a garin, ya zaga birane, ya san garmaho tun kafin Yaya. Wata rana allura ta yi ƙaranci, sai ya ce a inda ya zauna da, in an rasa ta ƙarfe, ƙayar aduwa ake fiƙewa a sa. Yaya ya ce shi ba ya sa ƙaya ga kayan Turawa. Anka yi dariya, zance ya wuce.

Ige 'yar Rabah ce, mai ƙarancin magana, mai hannu. Saƙar faifanta na kaba har daga Kagara ake zuwa nema. In kiɗa ya tashi a zaure, mu sauran mukan kaɗa kai, ita kuwa sai ta tsayar da taɓarya ta ɗaure fuska. Sai ka ji ta ce a hankali, “Allurag ga ta gaji,” ko ta ce mai waƙar yau sauri yake kamar an biyo shi. Na ɗauka ba'a ce irin ta matar wa da ƙanwar miji, nakan ce mata to Baturiya, sai ki je ki gyara musu.

Ran kasuwar Goronyo Yaya kan fita da jakuna tun da safe, ba ya dawowa sai washegari. To, wata ranar kasuwa da hantsi ina tankaɗe, sai na ji kiɗa ta katanga. Faifan gogen nan ne da na sani, amma hannun ba na Yaya ba ne. Yaya yana son ƙara, yakan tura ɗan ƙarfen gudu, mai saita saurin faifai, gaba har muryar mai waƙa ta koma ta ɗan akuya, ga wani sauti a ƙasa kamar ana suyar ƙosai. Wannan kuwa a hankali yake, ba suya, murya zaune daram kamar mutumin yana kan tabarma kusa da kai. Ban taɓa jin kalmomin waƙar nan sosai ba sai ran nan.

Na aje rariya na kasa kunne. Tari nake nema, ko jan takalmi, ko gyaran murya irin ta maza. Ban ji ba. Wata kasuwar ma haka, ta gaba ma haka. Kuma ku ji abin mamaki, ni da nake mace, ni da na sha jin Ige tana cewa allura ta gaji, hankalina bai je kanta ba. Namiji nake ta nema a gidan. Haka anka raine mu, har kunnen da ba ya kuskure ya ji daidai, kai ya fassara masa wani abu dabam. Na dai riƙe bakina.

Yaya da kansa ya gano. Ya dawo daga Goronyo, ya buɗe akwati zai sa allura, sai ya tarar da guntuwar ƙayar aduwa maƙale a bakin, an fiƙe ta tsaf. Mutum guda ya taɓa yin zancen ƙaya a gabansa.

Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya daina amsa sallamar malamin gona. Ya riƙa fita da jakuna, in ya kai bakin fadama sai ya juyo ya ce ya yi mantuwa. Ya riƙa share zaure da kansa, ya barbaɗa rairayi, ya dawo ya duƙa yana karatun sawu. Sawun kaji ya samu, da na Ige a ƙofar turaka, amma nata bai shiga lissafi ba, ai shara take shiga yi. Da abin ya ishe shi ya tambaye ta, ta ce ita ce. Nan ne ƙasa ta tsage. A wurin Yaya, macen da ta ɗauki laifin da ba ta iya aikatawa, wani take ɓoyewa. Ya aika Rabah a zo a ɗauki 'yarsu.

Kafin ɗan aike ya dawo zance ya cika unguwa. Saki ba baƙon abu ba ne, mace takan fita ta yi wani aure. Amma fita da irin wanga suna dabam ce, kuma Ige na da 'ya'ya mata biyu da wata rana za a zo neman aurensu a tambayi wace ce uwarsu.

Baffanta ya zo, wani dogon tsoho mai kiwon shanu, wanda bai taɓa ganin garmaho ba. Bayan azahar anka zauna a tsakar gida, shi da Yaya a kan buzu, Ige a durƙushe gefe, ni a bakin madafa don an ce in zo in zauna da ita. Yaya ya kwance ƙayar daga bakin rawani ya aje a gaban tsoho.

“Ga shaida, Baffa. Wanga aikin namiji na.”

Baffa ya juya ƙayar a tafin hannu. “Ige, mi kika cewa?”

“Ni na fiƙe ta, Baffa. Ta ƙarfe in ta ci sau guda ta gaji, mai gidana zai gane. Ƙaya ko ga ta nan bayan gida.”

“Ka ji ko?” in ji Yaya. “Mace ina ta san wanga? Abin da ko maza sai an gwada musu.”

Ige ba ta ɗaga kai ba. “Baffa, tambaye shi sunan abin da aka ɗorawa bisa.”

“Faifai,” in ji Yaya.

“Wanda aka sauke mai fa?”

Ni na ce, “Allura.”

“To faifai da allura, Baffa, tun ban kai tsawon turmi ba su ag ga hannuna wurin saƙa.”

Tsoho ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Da dariya ta sake shi sai ya ce gardama ba ta da amfani ga abin da ido ke iya gani, a fito da akwatin.

Ige ta wanke hannu. Ta buɗe marfi, ta zaɓi faifan goge, ta shafe shi da bakin zanenta. Ta ɗauki ƙayar nan ta shaida, ta gyara mata tsini da wuƙar yankan kuɓewa, ta ɗaure ta. Ta mai da ɗan ƙarfen gudu tsakiya, ta murɗa hannu tana sauraren cikin akwatin, ta tsaya inda ta ji ya isa. Da murya ta fito, ita ce wadda nake ji ta katanga, ba ko shakka. Baffa ya miƙe ya leƙa bayan akwatin, ya dawo ya zauna. Da faifai ya ƙare ya ce wa Yaya shi bai ga abin ɗauka ba a gidan nan, gobe zai koma wurin shanunsa shi kaɗai.

Na ɗauka magana ta mutu. Sai na ji Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Wa yak koya miki?”

“Bangon zaurenka, Malam. Duk abin da kuka faɗi can, nan shika faɗowa.”

“Zancen ƙaya fa?”

“Shi ma ta bango.”

“Ashe maganatai kika saurare,” in ji Yaya, malamin gona yake nufi.

Ige ta rufe akwatin, ta tashi ta shiga ɗaki. Aure bai mutu ba. 'Ya'yanta sun yi aure da mutunci, gidajen kirki. Malamin gona an ɗauke shi zuwa wani gari, kuma ina jin har ya bar duniya bai san dalilin da anka daina gaishe shi a unguwarmu ba. Amma Yaya ya sayo kwaɗo ya sa wa akwatin, ita kuwa ba ta sake kallon inda yake ba. Da garmahon ya fara ciwo, yana jan murya kamar bijimi, tana jin abin da ke damunsa daga madafa, ba ta ce komi ba. Ya ɗauke shi har Sakkwato wurin mai gyara, ya dawo da shi yadda ya tafi. Suna zaune lafiya, tana yi masa tuwo, yana yi mata ɗinkin salla, amma ran kasuwar Goronyo ya ci gaba da yin mantuwa har ƙafa ta hana shi fatauci.

Abin da mazan unguwa ba su sani ba, bayan zuwan Baffa mata sun riƙa shigowa aron rariya, ba rariyar ta kawo su ba. Wata mijinta na da tocila, tana son sanin mi ya sa take mutuwa. Wata keken ɗinki ne a zauren mijinta, ta daɗe tana jin yana tsallake. Daga baya da rediyo ya zo, wata ta kawo shi a ƙarƙashin mayafi. Ige kan kasa kunne ta faɗi abin da ta ji, amma ba ta taɓawa. Tun daga nan, in na ji an ce mata ba su son irin waɗannan kaya, ban yarda ba. Ina zargin kowace unguwa tana da Igenta, sai dai ita ba ta manta ƙaya a bakin akwati ba.

Da za ta ga yau, waya a hannun kowa, kiɗa na fita daga abin da bai kai tafin hannu ba, na san ba za ta kaɗa kai ba. Fuska za ta ɗaure ta ce lasifikar yaran nan an cika mata ƙarfi har tana tsagewa. Amma ban sani ba ko za ta ce zamani ya sake. Kaya dai sun sake. Hannun da anka buge a ƙofar gidana kuwa, ta san shi.

Yaya ya daɗe bayanta. Da ya tsufa ido ya tafi, ni nake kai masa fura. Wata rana da hantsi ya riƙe mini bakin zane.

“Kulu, kunnenki ba shi ƙarya. Kin taɓa jin muryar namiji gidan nan ran kasuwa?”

“Na ji, Yaya. Duk kasuwa.”

Ya saki bakin zanena. Sai na ƙarasa.

“Mai gogen cikin faifanka. Bayan shi ko tarin namiji ban taɓa ji ba.”

Ya aje furar gefe. Can ya ce, “Da kin gaya mani tun tuni.”

“Ita ta gaya maka, Yaya. Gaban Baffa.”

Bai sha furar ba ran nan. Bai kuma sake tayar da zancen ba, sai dai daga nan in zai yi wa iyayenmu addu'a yakan sa sunanta, abin da ban taɓa jin ya yi ba a da.

Garmahon ban san inda ya ƙare ba. Faifayen saƙarta sun tsufa sun zube. Abin da ya rage shi ne sunanta, wanda ta tsare da wuƙar kuɓewa da guntuwar ƙaya, ta bar wa 'ya'yanta shi fes, ko da yake mutum gudan da ta fi so ya yarda bai yarda ba sai da ƙasa ta rufe ta. Allah ya jiƙan Ige, ya yafe wa Yaya, ya sa ta inda ba a tambayar mace wa ya koya mata.