Tabon Bulalar Jamus

Shekarar da Baba ya zo Landan don a yi masa aikin ido, a flat ɗina da ke unguwar Dagenham ya zauna. Da idon ya warke, abin da ya fara nema shi ne shirin talabijin na yaƙin duniya na farko. Ba ya jin Turanci sosai, don haka nake zama gefensa ina fassara masa.

Na san dalili tun ina ƙarama. Mahaifinsa, wato kakana, yana saurayi sojojin Jamus suka kama shi a ƙasar Kamaru suka ɗora masa kayan yaƙi. Wan kakan nawa ya faɗi a hanya saboda zazzaɓi, suka harbe shi a gabansa. Shi kuma da ya tsaya zai rufe gawar, suka ɗaure shi a bishiya suka zane shi. Baba ya taso yana ganin tabon duk sanda tsohon ya tuɓe riga.

Mai sharhi ya ce Jamus ta ratsa wata ƙaramar ƙasa da ba ruwanta, wannan ya jawo Ingila cikin faɗan. Na fassara.

"Ƙara faɗa min, uwata," in ji Baba.

Na maimaita. Na ƙara da cewa sun buɗe wuta gabas da yamma lokaci guda, daga baya suka shiga nutsar da jiragen fatake har Amurka ta fusata ta shigo.

Ya gyara zama yana murmushi. "Girman kai ne ya ci su. A wajenmu ma haka suka yi. Sun doki mutanen da suka san daji, mutanen suka je suka nuna wa Ingilishi hanya. Har da babana."

Na ce, "Baba, su Ingilishin ma ai ba su bar mu ba."

"Na sani. Nasu daban ne. Yau ta Jamus nake yi."

Kafin ya koma gida na yi mana booking a wani gidan tarihin yaƙi, muka hau tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. A can muka tarar da wata igwa da aka ƙwace daga hannun Jamus, yaran makaranta suna ta ɗaukar hoto a jikinta. Baba ya zagaya ta a hankali. Sai ya ɗaga sandarsa ya maka mata, har ƙarar ta sa mutane waiwaye.

Mai gadi ta nufo mu. Na ba ta haƙuri da baki, amma ko kaɗan ban ji kunya ba. Da na samu dama, da ni ma na ƙara wa igwar ɗaya.

Da muka fito ya ce yunwa yake ji. Muka biya wani gidan abincin 'yan gida a unguwar Deptford, ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari.