Ranar da Kawu Lawali Ya Sa Na Dafa Jirgi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Lawali, ƙanen mahaifiyata, mai shagon shadda da atamfa a unguwar Belleville ta Paris. Makon jiya na taso daga Lyon da 'yata Nana, muka je gidan tarihin jiragen sama da ke bayan garin Paris. Ita kallo ya kai ta. Ni kuwa ziyara na je yi, don babu inda nake jin Kawu kusa da ni kamar wurin nan.

Ranar da na fara zuwa Faransa, iska ta kama jirginmu a saman hamada, ya yi ta girgiza mu kamar ana tankaɗen gari. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na ce ni da jirgi haihata-haihata. Na zauna a unguwar Minguettes ta wajen Lyon, na haihu, shekaru suka yi ta tafiya, kullum ina ce wa Inna a Damagaram sai baɗi. Har labari ya zo cewa jikinta ya yi rauni, idonta ma ya fara tafiya. Na yi kuka, na aika magani, amma na kasa sayen tikiti.

Kawu ba mutumin wa'azi ba ne. Waya kawai ya yi mini, bayan gajeruwar gaisuwa ya ce, "Rakiya, shigo jirgin ƙasa ran Asabar, akwai kayan da nike so ki gani." Na ɗauka sabuwar shadda ce ta iso. Da na iso Paris sai ga mu a wannan gidan tarihin, a bakin wani makeken zaure, jirage cike, wasu a ƙasa, wasu rataye a rufi. Na ja na tsaya, na ce wallahi da na sani ban zo ba. Ya yi kamar bai ji ni ba, ya wuce gaba da babbar rigarsa.

Duk wanda ya san Kawu ya san bai yarda da kayan da bai taɓa ba. Ko yadin da ya shekara ashirin yana sayarwa sai ya murza shi tsakanin yatsu kafin ya yi ciniki. Muna isa wurin jiragen farko, na katako da waya, ya leƙa fiffiken ɗaya ya yi salati, wai ashe ƙyalle ne aka ɗaura. Kafin in ankara ya miƙa hannu ya tsallake igiya zai murza. Mai gadi ya taso da faɗa, ni kunya kamar in nutse, shi kuwa Kawu ya ba shi haƙuri yana dariya, ya juyo ya raɗa mini cewa ko zanen gado ba zai saya da wannan yadin ba. Duk da tsorona sai da na yi dariya.

Daga nan ya kai ni wani ƙaton jirgin fasinja da aka yarda a shiga. A bakin ƙofa ya kama hannuna ya ɗora a jikin ƙarfen. Ya ce, "Ba a cinikin biri a sama, ga shi yau a ƙasa, dafa ki ji. Wasu sun hau wancan na ƙyalle, Allah ya sauke su lafiya. Ke ga na ƙarfe, kuma ga uwarki tana jira." Ƙarfen sanyi ƙalau, da 'yan kusoshi a jere, aikin hannun mutane irinmu. Na daɗe a tsaye ina dafe da shi.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Da shi na hau jirgi a watan nan, carbi a hannu tun daga Paris har Yamai. Amma na isa.

Yanzu nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da zamanin nan, da kowa ke ganin mahaifiyarsa a fuskar waya ya ce ya yi zumunci. Na san zai yaba wa wayar, don ɗan kasuwa ne, yana son abin da ke rage wahala. Amma zai ƙara da cewa zumunta a ƙafa take, ya tambaye ka yaushe rabonka da gida. Da Nana ta gama ɗaukar hotunan jiragen, na kai ta bakin wannan ƙofar na ce ta ajiye wayar ta dafa. Ta dube ni kamar na zautu, amma ta dafa.

Shagon Belleville ya koma hannun wasu, ko sunan Kawu babu a jikin allon. Abin da ya bar mini ba ya cikin shago, kuma har in mutu ina gode masa. Lokacin da na isa Damagaram idon Inna ya riga ya daina gani, da waya na tsaya yi da ko fuskata ba za ta gani a cikinta ba. Na durƙusa gabanta. Ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta shafa goshina, ta shafa kumatuna, ta ce, "Rakiya ce." Damina ɗaya ta ƙara a duniya. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan ƙanenta da ya kai ni hannunta.