Ranar da Kawu Haladu Ya Raka Littafi Maigatari

Duk wanda ya shiga laburaren kotu a Gumel zamanin Kawu Haladu ya san ƙa'ida: kafin ka taɓa littafi sai ka miƙa masa hannu ya sunsuna. Wani babban lauya ya taɓa zuwa daga Kano, da kwat da taƙama, Kawu ya kama yatsunsa ya kai hanci.

"Ƙosai," in ji shi. "Da yaji ma. Buta na bayan ƙofa, Barista."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, amma wallahi ko da na zama lauya ban tsira ba, har cewa yake hannuna ya fi na kowa ƙarnin man shafawa.

Kun dai san aikinsa. In aka gyara doka, sai ya yanko gyaran da almakashi ya manna a gefen sashen da aka taɓa, da ƙaron da yake jiƙawa a gwangwanin madara. Ofis ya sayo masa gam, ya ce na 'yan firamare ne. Littattafan nan duk sun yi tumbi. Kuma ba ya ba da aro. Wani alƙali ya aiko masinja, Kawu ya ce, "Ka gaida mai shari'a, ka ce littafi ba shi da ƙafa, shi kuwa Allah ya ba shi biyu." Alƙalin ya tako da kansa, aka sunsuna shi.

To, da wannan mutumin shari'ata ta farko ta haɗa ni. Wani makiyayi ne daga Sule Tankarkar, Buba, aka tsare shanunsa a hanyar kasuwar Maigatari, wai sun yi ɓarna a gona. Lauyan mai gonar ya kafe kan wani sashe, yana neman kotu ta sa a sayar da su. Shanun nan su ne duk abin da Buba ya mallaka. Na buɗe jan littafin Kawu, sai ga 'yar takarda manne a gefe: an daɗe da soke sashen.

"Kawu, ka ara mini na kwana ɗaya."

"Ko na awa ɗaya."

"To a yi mini fotokofi."

"A kifa shi a inji a danne masa baya? Ashe ba ki da imani."

Ni ce ma marar imani! Na yi kuka, na ce masa takarda ta fi masa mutum daraja, na fita ko sallama babu.

Washegari na isa tasha, sai ga shi a gaban motar Maigatari ya hakimce, da wani ƙunshi a cinya cikin zanen Gwaggo, matarsa.

"Kawu, ba ka ce ba ya fita ba?"

"Ba ya fita shi kaɗai. Shiga baya, kin tsayar da mutane."

A kotu na miƙe, na yi ta zuba bayani har ni kaina na daina gane abin da nake faɗa. Alƙali ya gaji ya ce a kawo littafin ya gani. Magatakarda ya miƙo hannu, Kawu ya kewaye shi kamar bai gan shi ba, ya taka har gaban alƙali, ya kwance zanen, ya buɗe shafin ya riƙe. Alƙali ya lashi yatsa zai juya takarda.

"Ranka ya daɗe, ni zan juya."

Na ce a raina shi ke nan, yau da ni da Kawu da shanu duk a tsare za mu kwana. Alƙali ya kalle shi, ya goge yatsan a riga, ya karanta. Ya tambayi ɗaya lauyan nasa littafin, ashe tsoho ne, tun na zamanin da yake makaranta. Kafin azahar aka ce a saki shanun Buba.

A hanyar komawa ina ta jiran yabo. Sai da muka kusa Gumel Kawu ya juyo ya ce, "Lambar shafin da kika faɗa ba daidai ba ce."

Bayan shekaru, ranar uku da rasuwar Kawu, aka shigo da wani dattijo ya yi wa Gwaggo gaisuwa, da ƙwaryar man shanu a hannu. Da ƙyar na gane Buba, duk ya yi furfura. Ya durƙusa ya ce, "A kasuwa na ji lauyana ya rasu." Sai ya ƙura mini ido. "Ke ce yarinyar nan da ta yi ta surutu kafin ya tashi da littafin?"

Gwaggo ta buɗe baki za ta gyara masa, na dafa ta.

"Ni ce, Baffa."

Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Amin.