Waƙar da Ta Tsaya a Tsakiya

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Ubangiji ya kira Baba Cornelius, malaminmu na firamare kuma shugaban mawaƙan cocinmu a Samaru. Ina shagona na gyaran kwamfuta a Sabon Gari labari ya same ni, laftof ɗinsa kuma na kan kanta a bayana, ta yi ƙura.

Baba, kai ka koya mini karatu. Da muryata ta gagara gyaruwa ba ka kore ni daga ƙungiyar mawaƙa ba, sai ka miƙa mini ganga, ka ce Allah yana jin hannu ma. Ranar da na buɗe shago kai ka fara shigowa, ka yi addu'a har maƙwabta suka gaji da tsayuwa.

Da damina ka kawo laftof ɗin tana daskarewa. A cikinta ka naɗi waƙoƙin da ka tsara, da muryarka. Na duba na ce SSD ce, ma'ajiyar komai, take mutuwa, kuma irinta ba ta ƙara ba ta gargaɗi, rana ɗaya take yin shiru. Ni da bakina na ce a kwashe komai yau. Amma mun saba, aikin na gida shi ne na ƙarshe. Baƙo zai yi faɗa, kai kuwa ba za ka yi ba.

Ka yi ta zuwa kana cewa, “Japheth, ɗana, yaya mara lafiyarmu?” Ni kuma ina tsokanarka, “Baba, saurin me? Kirsimeti da saura.” Na san ciwon na'ura, ban ɗaga kai na ga yadda ka rame ba.

Sai bayan rasuwarka na kunna ta. Yawancin waƙoƙin sun fito. Wadda ka yi wa matarka, Mama Edith, tana tsakiya ma'ajiyar ta mutu.

A wajen jana'iza Mama ta riƙe hannuna a gaban jama'a ta ce, “Ga yaron da ya ceto muryar Babanku.” Mama, ki gafarce ni: da na yi aikin a kan lokaci, da kin ji waƙarki har ƙarshe.

Allah ya ji ƙanka, Baba, ya ba ka hutawa ta har abada. Ya ta'azantar da Mama, da 'ya'yanku Stephanie da Kingsley. Ragowar waƙar kuma, ya sa ka rera mata da bakinka ranar saduwa. Amin.