Jaɓar da ke rumbun Inna

Mahaifiyata gero take sayarwa a kasuwar Nguru, buhunanta kuwa a wani ɗaki suke a bayan gidanmu. Wata damina ruwa ya shigo unguwarmu, muka tashi da hantsi muna kwashe buhunan, ni da ita da wata maƙwabciyarmu. Da muka ɗaga na ƙarshe sai ga jaɓa kwance a cikin yayi, da 'ya'yanta huɗu.

Maƙwabciyar ta rarumi taɓarya. Inna ta riƙe mata hannu.

"Yaya, ɓera ne fa, a cikin hatsinki," in ji matar.

"Dubi bakinta," in ji Inna. "Mai wannan dogon bakin ba ruwanta da gero. Kyankyasai take ci da gyare. Tun da ta tare a nan ban ƙara ganin kyankyaso ba. Warin nan nata kuma, shi ya sa ko kyanwa ta kashe ta ba ta ci."

Muna tsaye ruwan ya kai bakin sheƙar. Uwar ta yi wata 'yar tsuwa, ɗa guda ya kama gindin jelarta da baki, na biyu ya kama na farkon, haka har na huɗun. Ta ja su a jere ta bi gindin bango, ta haye tudun murhu. Babu wanda ya saki.

Bayan shekaru na tafi Gashuwa karatun koyarwa. Rannan malamin kimiyya ya lissafa jaɓa cikin dangin ɓeraye. Ni ba mai magana a aji ba ce, amma na ɗaga hannu.

"Malam, a gafarce ni, jaɓa ba ɓera ba ce. Ƙwari take ci."

"A wane littafi kika gani?"

"Mahaifiyata ce ta faɗa mini."

Aji ya kwashe da dariya, na zauna. Da mako ya zagayo, malamin ya shigo, kafin ya taɓa allo ya ce ya bincika, kuskuren nasa ne. Ya sa na fito gaba na ba da labarin jerin 'ya'yan, ya ce kowa ya rubuta. Sannan ya ce in gaida mahaifiyata.

Da na je hutu na isar da gaisuwar tana tsaka da awo. Ta ce tana amsawa. Har la'asar, duk wadda ta zo sayen gero sai Inna ta ce in sake faɗa mata abin da malamin ya ce.