Ƙwallon da Labbo Ya Hana Garinsu

Duk wanda ya saba bi ta tashar motar Kaura Namoda da sassafe ya san rumfar Labbo mai faci. Da an idar da sallar asuba zai jawo tsohon bahonsa ya cika da ruwa, ya jingina famfo a gindin dalbejiya, ya zauna jiran tayar da ƙusa ta yi wa illa. Direbobin Shinkafi na tsayawa, 'yan kabu-kabu na tsayawa, ana ta barkwanci. Amma da motar Zurmi ta fara lodi sai ka ga hannunsa ya tsaya cik a cikin ruwan, idonsa na kan fasinjoji yana neman fuskar da ya sani. Garinsu ne. Ba wata tafiya ce mai nisa ba, amma ya yi shekaru bai kwana a cikinsa ba.

Faci dai hanyar cin tuwo ce. Aikin Labbo na ainihi sai bayan la'asar, sa'ad da zai wanke hannu, ya zura baƙar rigarsa da ta koɗe ta koma ruwan toka, ya rataya usur a wuya. Tun muna cikin Jihar Sakkwato yake alƙalancin ƙwallo a filayen da babu ciyawa babu katanga, inda layin gefe toka ce aka barbaɗa, 'yan kallo kuma a kanta suke tsaye. Rafali a irin wannan fili ba shi da mai kare shi sai gaskiyarsa da ƙafarsa, ga shi kuwa Labbo ko akuya ba ya iya kamowa a guje.

Idi direba ya sha ba da labarin ranar da ya kai shi Jangeru, aka tarbe su da ƙwaryar fura har da zuma. Labbo ya yi godiya ya ce a rufe masa sai an tashi wasa, don kada harshensa ya tuna daɗinta lokacin hura usur. A Birnin Tsaba kuwa ɗan mai gari ya ba jan kati a gaban ubansa, washegari ya yi wa kekensa faci suna dariya.

Yana da wata ƙa'ida da kowa ya sani. Kafin a take leda sai ya kira kyaftin biyu tsakiyar fili ya ce, "Ku jiya da kyau. In ladan yab buɗe baki, wasa ya ƙare. Kiran magariba shi ne usur ɗina na ƙarshe." Da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara sai ƙa'idar ta zama ta kowa, har 'yan wasa suka saba tsayawa da jin kabbarar farko ba tare da sun waiwayi rafali ba.

A daminar da ta biyo baya aka zo wasan ƙarshe na kofin shiyya a Kaura, Zurmi da Shinkafi. Lokacin Labbo yana zaune a Zurmi, kuma mai ci wa Zurmi ƙwallo ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Shamsu. Duk da haka mutanen Shinkafi da bakinsu suka ce in ba Labbo ba, ba su bugawa. Ga kuma baƙi daga Gusau sun zo zaɓen 'yan wasan da za su wakilci sabuwar jiha, kowa ya san Shamsu suka zo gani.

Ana kunnen doki, wasa ya zo gangara, sai hadari ya taso daga gabas ya rufe gari. Tsohon ladanin masallacin da ke bayan fili ya ga duhu, ya ɗauka rana ta faɗi, ya kwaɗa kira. 'Yan bayan Shinkafi suka tsaya, golansu ya fara cire safar hannu. Ƙwallo na ƙafar Shamsu, ya ɗirka ta a raga. Kafin murnar Zurmi ta lafa sai hadarin ya ɗan yaye, ga rana jajir a saman itatuwa ba ta faɗi ba.

"Ga rana can, Labbo! Lokaci bai yi ba!" in ji mutanen Zurmi, suna nuna ta da yatsa kamar shi kaɗai ne bai gan ta ba.

Labbo ya dubi ranar, ya dubi ƙanensa, ya ce, "Kira nac ce, ban ce hwaɗuwar rana ba. Babu ci."

Aka sake wasan a mako na gaba, Shinkafi ta ɗauki kofi. Baƙin Gusau ba su dawo ba, Shamsu kuma ya koma gonar gero. A Zurmi babu wanda ya ɗaga wa Labbo hannu, kuma da dukan aka yi masa da ya fi sauƙi. Sai ya yi sallama a amsa masa a daƙile. Mutum ya gwammace ya tura kekensa ya wuce rumfarsa zuwa wani mai facin. A gida, da ya zauna cin tuwo sai Shamsu ya tsame hannu ya tashi, mahaifiyarsu Inna Tasalla tana kallo. Don ta samu sauƙi ya kwashe iyalinsa ya dawo Kaura. Tun daga nan gaisuwar tsaye yake zuwa yi mata da hantsi, ya juyo kafin Shamsu ya dawo daga gona.

Kai ne, Labbo, wanda aka ba amana a kan garinsu bai ci ba. Kai ne ka san ƙwallon nan za ta iya sauya rayuwar ƙanenka, kuma babu wanda ya fi ka son ta shiga. Mun ga ranar hannunka bai kai usur baki don nuna tsakiya, alamar an ci, ba. Yanzu muna jin wasannin manyan ƙungiyoyi a rediyo, masu albashi da riguna masu sheƙi, inda mai masauki ba ya shan kashi a gidansa, in wasa ya ƙi ci sai fenareti ta faɗo daga sama dab da tashi. Duk lokacin da aka yi haka sai wani a majalisa ya ja tsaki ya ce, "Ina ma Labbo ne." Wallahi muna kewar irinka tun kana raye a cikinmu.

Makon jiya gwiwar Labbo ta ce ya isa, ya hura usur ɗinsa na ƙarshe. Kwana biyu bayan haka, Idi na zaune a rumfar, sai ga wani ya turo babur daga wajen hanyar Zurmi, tayar baya a kwance. Shamsu ne, har da furfura a gemu. Labbo ya jawo bahonsa. Ya kwance tayar, ya hura robar ciki, ya juya ta a baho har ta zagayo, ruwa bai yi ko kumfa ɗaya ba.

"Tayag ga lahiya lau take," in ji shi.

"Na sani, Yaya. Ni nas sace iskar." Shamsu ya sunkuyar da kai. "Ran nan na jiya kiran. Tun ƙwallo na ƙahwata nij ji shi. Inna ta ce ka taho ran Juma'a, kuma ka taho da kayan kwana."

Idi ya ce Labbo ya daɗe yana wanke fuska da ruwan bahon nan, duk da dauɗarsa.

Mun gode, Labbo. Allah ya saka maka, ya sanyaya gwiwar nan, ya ja kwanan Inna. Ku kuma masu rataya usur a yau, manyanku da ƙananku, ku riƙe maganar da kuka faɗa a tsakiyar fili ko da a kan naku za ta faɗa. Wanda tayarsa ta sace a Kaura ranar Juma'a ya yi haƙuri ya nemi wani mai facin. Labbo ya shiga motar Zurmi.